Martani: Ba Ƙin Zamani Ke Sa Dattawa Ɗari-Ɗari da Tiransifa Ba

Tun bayan wahalar kuɗi ta farkon 2023, zancen yadda dattawa ke ɗari-ɗari da banki da wayar hannu bai kwanta ba a ƙasar Hausa. Cikin masu tofa albarkacin bakinsu har da wani marubuci da ya fitar da doguwar maƙala, inda ya ɗora wa tsofaffi kaso mafi tsoka na laifin. A ganinsa, gudun sabon abu ɗabi'ar tsohon Bahaushe ce, kuma gadon ƙyamar boko ce. Ya ƙara da cewa da dattawan kasuwa da na ƙauye sun karɓi tiransifa tun da wuri, da canjin kuɗi bai zame wa Arewa masifa ba. Daga nan ya ba da shawarar a daina lallashi, a toshe hanyoyin tsabar kuɗi, wuya ta koya wa wanda ya ƙi koyo. Ɗari-ɗarin da ya gani akwai shi, babu mai musun haka. Dalilin ne bai karanta daidai ba, shawarar da ya gina a kai kuwa za ta faɗa kan mutanen da ba su da laifi.

Tarihi ne ya fara rushe maganar ɗabi'a. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, lokacin da Turawan mulki ke sa ran auduga za ta cika taragu zuwa masaƙun Ingila. Magidanta a karkara da fatake a birni suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, cikin 'yan shekaru Kano ta zama cibiyar gyaɗa. Attajiran da suka ja ragamar wannan ciniki, irin su Alhassan Dantata, fataken goro ne da suka saba da hanyar Gwanja, ba su zauna a ajin boko ba. Haka aka sake gani a fadama. Jigo ya daɗe yana ɗebo ruwa a bakin kogunan Hadeja da Rima, amma da ƙananan injinan ban-ruwa suka bazu a shekarun 1980 ta hannun hukumomin bunƙasa noma, manoman rani suka jingine jigon ba tare da an aika musu da ɗan sanda ba. Da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya gagari talaka, wasu suka juya injinansu zuwa iskar gas, masu hali suka koma sola. Mafi yawan masu yanke irin wannan shawara masu furfura ne, domin su ke da gonar, su ke da jarin.

Rediyo ya fi kowane misali bayyana. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Akwatin da ke kawo muryar mutum daga Landan ko Kolon baƙon abu ne na gaske a wancan zamani, duk da haka har ya zama alamar dattijantaka: akwati a gefen buzu, ana juya tasha bayan sallar asuba. Malamai manya ne suka shigar da karatu cikinsa. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello ya shiga gidaje ta rediyon Kaduna tun ƙarshen shekarun 1960, malaman ɗariƙu irin su Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Dahiru Bauchi su ma suka isar da nasu ta wannan hanya. Daga rediyo karatu ya koma kaset, daga kaset zuwa faifan CD, daga nan zuwa memori, yanzu kuma WhatsApp. Wanda yake da shekara 70 a yau an haife shi a tsakiyar shekarun 1950, kuma duk waɗannan matakai da ƙafarsa ya tako su, da kuɗin aljihunsa, babu wata hukuma da ta kafa masa wa'adi.

Wayar salula ma haka. MTN da Econet sun fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, layi yana da tsadar da sai mai hali, kuma 'yan kasuwa na cikin waɗanda suka fara saye. Dillalin hatsi a Dawanau da dillalin shanu a Maigatari ko Wudil sun gane tun da wuri cewa kira ɗaya ya fi tafiyar yini biyu. A Jamhuriyar Nijar an auna wannan. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta wallafa a 2010 ya nuna cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda 'yan kasuwa sun riƙa tambayar farashi a nesa kafin su loda mota. Wannan a ƙasar da karatun boko ya yi ƙaranci ƙwarai a karkara. A yau tsohuwa a ƙauyen Damagaram tana aika saƙon murya ga ɗanta da ke Agadas ko Libiya, tana sauraron amsarsa, ba ta buƙatar kowa ya karanta mata wasiƙa kamar da.

Tambayar da ta kamaci marubucin ita ce: me ya sa mutumin da ya rungumi rediyo da kaset da injin ban-ruwa da saƙon murya yake ja da baya idan aka zo kan manhajar banki? Ɗabi'ar gudun sabon abu ba za ta zaɓi wani ta bar wani ba. Zaɓen da ake gani yana nuna akwai ma'auni. Abubuwan da dattawa suka karɓa suna aiki da kunne da baki da hannu, amfaninsu a fili yake tun ranar farko, in sun lalace kuma asarar ba ta wuce kuɗin gyara ba. Harkar kuɗi ta waya ta saɓa wa wannan ta fuskoki da dama, kuma kowace fuska tana da nauyinta.

Harshe ne shingen farko. Lambobin USSD da ake dannawa a ƙaramar waya, da mafi yawan manhajojin banki, da saƙon alat da ke shigowa bayan ciniki, galibinsu da Turanci suke, Turancin ma na ma'aikatan banki. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami, mai karatu ne, amma fom ɗin banki yana lissafa shi cikin marasa karatu. Takardar kuɗi ta fi manhaja sanin wannan mutum: naira 200 da 500 da 1000 har yanzu suna ɗauke da ƙimarsu da ajami, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007, daga naira 100 ta cikar Najeriya shekara ɗari kuma a 2014. Bayan ajamin akwai launi da hoto da girman lamba, duk suna gaya wa mai riƙe da ita nawa ce. A allon waya kuwa bambancin dubu biyar da dubu hamsin sifili ɗaya ne ƙarami, kuskurensa kuma yana iya cinye jarin mai ƙosai gaba ɗaya.

Sai jiki, wanda marubucin bai ambata ko sau ɗaya ba. Daga wajen shekara 40 ido yana fara gaza ganin ƙananan rubutu na kusa, yanar ido kuma ta yawaita a tsakanin tsofaffi, tabarau da aikin ido ba kowa ke samu ba. USSD yana yankewa idan mai dannawa ya yi jinkiri, sai a sake daga farko, kuma tun 2021 akwai cajin naira 6.98 a kan wannan hidima. Zanen yatsa shi ma yana gogewa da shekaru da aikin ƙarfi. Fatar tsoho tana bushewa, fartanya da wanki da sassaƙa suna shafe layukan da na'ura ke nema. Lambar BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, da lambar NIN, da tantance masu zaɓe, da tantance 'yan fansho, duk sun dogara da yatsa ko fuska. Na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta gaza tantance Shugaba Goodluck Jonathan kansa a Otuoke ranar 28 ga Maris 2015, babu wanda ya ce masa ya ƙi zamani. Manomin da ya yi shekara hamsin yana huɗa, in na'ura ta ƙi yatsansa sau uku aka ce ya dawo gobe, shi ne ake kira mai taurin kai.

Abu mafi nauyi shi ne sirri. Wanda ba ya iya danna lambobi da kansa dole ya miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga wani: ɗa, ko jika, ko yaron shago, ko mai POS. "Baba, kawo in cire maka" magana ce ta taimako, amma tana nufin yaron ya san abin da ke cikin asusun, ya san abin da ya shigo da wanda ya turo. A gidan Bahaushe rufin asirin maigida yana cikin abin da ke riƙe da girmansa. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ba ya bayyana wa ɗayansu abin da ya mallaka, domin ya san fitinar da ke biyo baya. Tsohuwar da ke tara kuɗin adashi don kayan ɗakin jikarta ba ta son surukarta ta san adadin. Banki yana gargaɗin kada a ba kowa lambar sirri, alhali ya tsara hidimarsa ta yadda miliyoyin mutane ba za su iya amfani da ita ba sai sun bayar. 'Yan damfara sun san wannan gurbi sarai. Su ne masu kira da sunan ma'aikatan banki suna neman lambar da aka turo, da masu musanya kati a bakin ATM da sunan taimako, da masu nuna alat na ƙarya su kwashi kaya. Dattijon da ya ce shi dai a ba shi kuɗinsa a hannu yana kare kansa ne daga haɗarin da ya ga ya faɗa wa maƙwabcinsa.

Ko babu ɓarawo, hanyar kanta tana yankewa. "An cire amma bai je ba" da "babu sabis" sun zama maganganun yau da kullum a kasuwa. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020, kuɗin da ya maƙale a POS ya kamata a mayar cikin awa 72, na ATM ɗin wani banki cikin awa 48. Ko an cika alkawarin, kwana uku dogon lokaci ne ga mai sayar da tumatir da zai sari na gobe da cinikin yau. In ba a cika ba, sai tafiya reshen banki, alhali akwai ƙananan hukumomi a Arewa da ba su da reshe ko ɗaya. Kuɗin mota kaɗai yana iya fin abin da ake bi. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ɗauki makonni a haka. Wanda duk dukiyarsa ke cikin waya a lokacin ya ga iyakarta.

Dattawa kuma suna da abin da matasa ba su da shi, wato tunawa. Sun ga fam da sule sun koma naira da kwabo a 1973. Sun ga canjin kuɗi na watan Afrilun 1984, lokacin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, da aka rufe iyakoki aka ba da kimanin mako biyu, mutanen karkara da yawa suka tashi da takardun da ba su da amfani. Sun ga an soke lasisin bankuna 26 a watan Janairun 1998, a zamanin da inshorar ajiya ba ta biyan fiye da naira dubu 50 ga mai asusu komai yawan abin da ya ajiye. Sun ga an rufe Savannah Bank a 2002, sun ga Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank bayan haɗe bankuna na 2005, sun kuma ga an soke lasisin Heritage Bank a 2024. Mutumin da ya shaida waɗannan, in ya zuba dukiyarsa a shanu da buhunan gero da fili, darasin rayuwarsa ya bi.

Wannan ya kawo mu ga hujjar marubucin ta biyu, wato ta canjin kuɗi, wadda ita ce mafi rauni. Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000 ranar 26 ga Oktoba 2022. Sababbin takardu sun fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a, har da dattawan da ake zargi, suka kai kuɗinsu banki kamar yadda aka umarta, sababbin kuma ba su wadata ba. Kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ya faɗo daga sama da naira tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1 a watan Fabrairu. Da kowa ya koma tiransifa a lokaci guda, manhajojin bankuna da dama suka riƙa durƙushewa, har aka kai ana sayen naira da naira a wurin masu POS. Inda aka fi ƙone-ƙone da farfasa bankuna shi ne Ibadan da Benin da Warri da Shagamu, biranen Kudu masu yawan 'yan boko da manyan wayoyi, masu zanga-zangar kuma matasa ne. Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, ta kuma kama gwamnatin tarayya da laifin rashin ba da isasshen lokaci. Babu wani sashe na wannan labari da za a iya jingina wa ƙin zamanin tsofaffi. Mai digiri da babbar waya ya kwana a layin ATM tare da mai rawani.

Akwai kuma ma'aunin da marubucin bai ɗora wa matasa ba. An ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Banki, a watan Oktoban 2021, ƙasar da yawancin mutanenta matasa ne ta yi biris da ita, saboda ba su ga abin da ta fi asusun da suke da shi ba. Ba a ce musu sun ƙi zamani ba. An ce hajar ce ba ta karɓu ba. A ɗaya gefen, harkar zuba kuɗi ta MMM da ta rufe asusun mutane a watan Disamban 2016 ta fi cin kuɗin masu jin Turanci da iya intanet. Saurin karɓar sabon abu ba kullum yake nufin fahimtarsa ba, kuma tambayar da dattijo ke yi kafin ya saki kuɗinsa, wato wa zai kama in abin ya ɓaci, ita ce tambayar da ta kamaci kowa.

Marubucin yana da gaskiya a wasu wurare, kuma ɓoye su ba zai amfani dattawa ba. Akwai magidantan da ke hana matansu da 'ya'yansu mata riƙe waya ko buɗe asusu, wannan tauye haƙƙi ne da ke rufe wa mata hanyar sana'a. Akwai masu tura duk saƙon muryar da ya shigo musu ba tare da tantancewa ba, musamman in an fara shi da sallama da salati, saboda sun taso a zamanin da abin da ya fito daga akwati ya bi ta hannun edita. Akwai kuma waɗanda suka yi jinkirin rajistar NIN saboda jita-jita. Sai dai jita-jita ba ta tambayar shekaru. Wankan ruwan gishiri na lokacin Ebola a watan Agustan 2014 ya bazu ne ta wayoyin yara da manya. Maganin waɗannan kuwa ilimantarwa ce ta bakin waɗanda ake jin maganarsu, limamai da masu unguwanni da gidajen rediyo, kuma an ga tana aiki.

Tilastawar da marubucin ke nema an riga an gwada ta. A watan Disamban 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka umarci kowa ya haɗa layinsa da NIN cikin makonni kaɗan, tsofaffi suka cika harabar ofisoshin rajista tun asuba, aka yi ta ɗage wa'adi, a watan Afrilun 2022 kuma aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. Canjin kuɗi na 2023 gwaji na biyu ne. Abin da tilas ke haifarwa shi ne dogaro da 'yan tsakiya: mai rajista a bakin titi da ke karɓar kuɗi a kan abin da ya kamata ya zama kyauta, da yaron da ke riƙe da katunan tsofaffin unguwa biyar. Alhazai ma suna ganin irinsa a Madina, inda izinin shiga Rauda ya koma manhajar Nusuk, dattijo ya biya kujerar miliyoyi amma sai ya nemi wanda zai danna masa. Waɗanda suka haura shekara 60 ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na 'yan Najeriya ba, don haka kamfani yana iya mantawa da su bai ji a jikinsa ba. Hukuma ba ta da wannan uzuri, tun da fansho da tallafi da zaɓe haƙƙinsu ne.

Inda aka sa mutum a tsakani, dattawa sun shigo da kansu. Rumfar POS ta bazu a unguwanni da ƙauyuka ne saboda mai rumfar ɗan wane ne, an san gidansu, yana magana da Hausa, yana ba da takardar shaida, in an sami matsala akwai ƙofar da za a buga. A Nijar kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana sun yi ƙarfi a kan wannan tsari: a je kanta, a faɗi suna da lambar waya, a ba da kuɗi, mai karɓa ya je reshen garinsu ya karɓa. Kwamfuta da intanet ne ke aikin a bayan kanta, amma fuskar mutum ce a gaba. Tsarin ya yi daidai da yadda fatauci ya daɗe yana tafiya a ƙasar Hausa, inda fatoma da dillali ke tsaya wa baƙo, bashin shanu da goro ya yi tafiyar ɗaruruwan mil a kan amanar wanda aka sani.

Gyaran da ake buƙata yana hannun bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinsu a ciki. USSD da manhaja su zo da Hausa, da zaɓin murya mai karanta adadin kuɗi da sunan mai karɓa kafin a tura. A tsawaita lokacin dannawa, a ƙara girman rubutu. Duk inda ake tantancewa da yatsa a tanadi wata hanya ga wanda yatsansa ya goge, a kuma kai rajista gida ga wanda ba ya iya fita. A samar da hanyar wakilci ta doka, wadda dattijo zai ba ɗansa izinin cire adadi ƙayyadadde ba tare da ya buɗe masa dukan asusun ba. A tsaurara hukunci kan bankin da ya wuce wa'adin mayar da kuɗin da ya maƙale, a kuma ba masu POS damar karɓar ƙorafi a madadin reshe mai nisa. Tsabar kuɗi ta ci gaba da wadata a kasuwannin karkara har sai sabis da wutar lantarki sun kai can. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka kafa bisa dokar 2017 ta kuma fara aiki a 2021, ita ce ta fi cancanta ta kai waɗannan buƙatu gaban Babban Banki da Hukumar Sadarwa, ta nemi a sa su cikin sharuɗɗan lasisi.